Jaka Ɗari da Hamsin: Abin da Adjamé da Treichville Suka Koya Mini Game da Canji

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, mun buɗe wata tsohuwar adakarsa muka tarar da ɗan littafin da yake rubuta hada-hadarsa ta goro da ajami. Kusan duk basussukan da ke ciki an ja musu layi, alamar an biya. Guda ɗaya ne tak ya rage. An rubuta sunan ƙanensa, wato Baffanmu da ke zaune a Abijan, a gaban sunan kuma aka sa: jaka ɗari da hamsin, Anyama, 1993.

Hajiya, mahaifiyarmu, ta ce ai abin bai da wuya, a harhaɗa naira 30,000 a aika masa. Lissafinta daidai yake a bakin Bakano, domin a wurinmu jaka ɗaya naira 200 ce. Asalinta fam ɗari ne na zamanin Turawa, da naira ta zo a 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu, sai sunan ya bi lissafin. To amma a bakin mutumin Maraɗi ko Damagaram, da duk Bahaushen da ke zaune a ƙasashen sefa, jaka ko jikka sefa 1,000 ce. Anyama kuwa, garin goron nan da ke arewa da Abijan, ƙasar sefa ce. Na kira Baffa na ce, "Baffa, jakar Kano ce ko ta Abijan?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, maganar mamaci ba a yin ta a waya. In ka sami hali ka zo."

Dama na daɗe ina son ganin garin da mahaifinmu ba ya gajiya da labarinsa. Sai na ƙudurta cewa hutuna na shekara a can zan yi shi, in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: in sauke wa mamaci nauyi, in kuma kalli gasar cin kofin Afirka da Kwaddibuwa za ta karɓi baƙuncinta a farkon 2024. Na shiga adashi, na fara tari. A farkon 2023, lokacin da na fara tambayar farashi a Wapa, sefa 150,000 ba ta kai naira 200,000 ba. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne, bari kuɗin su taru tukuna in canza gaba ɗaya. Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ya fi kowane tsada.

Ya kamata mai karatu ya san irin kuɗin da nake shirin saye. Sefa ta Afirka ta Yamma ƙasashe takwas ne ke amfani da ita: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Gini Bisau da Kwaddibuwa, kuma babban bankinsu yana Dakar. An ƙirƙiro ta a watan Disamba na 1945, aka ɗaure ta da kuɗin Faransa. Tun daga 1999 kuwa a ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta gaba ba ta baya. Ma'ana, wanda ke sayen sefa da naira, yuro yake saye ko ya sani ko bai sani ba. Ni ban sani ba. Ina yi mata kallon kuɗin maƙwabta, kuɗin da tun muna yara muke raina wa saboda yawan sifirinsa.

A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 700 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Duk wata ina zuba adashi da adadi ɗaya, amma jakunkunan da kuɗin za su iya saye suna raguwa, kamar mai tara ruwa a kwando. Kullum na je Wapa sai in ji farashin ya yi mini zafi, in ce bari ya sauko. Da watan Janairu ya kama, ranar tafiya ta matso, sai na yi abin da na ɗauka dabara ce: na sayi dala da rabin kuɗin, na bar rabi a asusuna na banki, wai ko naira za ta farfaɗo in canza a can da sauƙi. Ban kuma dubi takardun dalar da kyau ba, ashe biyu daga ciki tsofaffin bugu ne.

Iyakar Nijeriya da Nijar a rufe take a lokacin, tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, jirgin sama kuwa ya fi ƙarfin aljihuna. Saboda haka na bi ta Legas na hau motar da ke bin gaɓar teku, tafiyar kilomita kusan dubu: Seme, Kwatano, Hilakonji, Lome, Aflawo, Ankara ta Gana, Elubo, sannan Nowe, ƙofar Kwaddibuwa. Ƙasa biyar, kuɗi iri uku. A Seme na canza 'yar dala zuwa sefa. A Aflawo na mayar da wani abu daga sefar zuwa sidi don in ci abinci a Gana. A Elubo na mayar da ragowar sidin zuwa sefa. Kowane ɗan canji da na tsaya gabansa ya ɗauki nasa rabon, kuma haƙƙinsa ne, domin da bambancin farashin saye da na sayarwa yake ci. Sai da na zauna na ƙirga na ga kuɗi ɗaya ne na canza sau huɗu tun daga Kano, a kowane zango yana barin gashinsa kamar akuyar da ta ratsa ƙaya.

Adjamé muka sauka da hantsi. Wanda ya san Sabon Gari da Kantin Kwari da tashar Unguwa Uku, ya haɗa su wuri guda ya ninka, zai kusa fahimtar Adjamé. Nan ne tashoshin motocin da ke tafiya cikin ƙasar da maƙwabtanta suke, ga babbar kasuwar Forum, ga kasuwar wayoyi, ga titin Nangui Abrogoua da ba a ganin kwaltarsa saboda jama'a, ga ƙananan bas-bas da suke kira gbaka, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran unguwanni. Baffa ya gargaɗe ni cewa in hau tasi kai tsaye zuwa Treichville, kada in taɓa aljihuna a hanya. Amma ina saukowa wani saurayi mai tsabta ya ji ina waya da Hausa, ya matso ya yi mini sallama da Hausa tatacciya. Ya tambayi mutanen gida, ya tambayi gajiyar hanya, sannan ya ce in ina da dala zai saya a kan sefa 650. A Nowe 590 aka taya mini, a intanet kuma na ga farashin yana wajen 600.

Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya da na tambayi kaina: ina wannan yaro zai kai dalar da ya saya sama da farashin duniya? Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Muka raɓe a bayan wata rumfa, na ba shi dala 200, ya ƙirga mini takardun jaka goma-goma guda goma sha uku a kan idona, ya miƙo. Na ƙirga, suka cika. Sai ya ce, "Malam, kawo in ɗaure maka da roba, garin nan sai da hattara." Ya ɗaure, ya dunƙula mini a hannu, ya yi mini addu'a ya shige cikin jama'a. A cikin tasi, muna kan gadar Houphouët-Boigny ina kallon ruwan Ébrié, na kwance robar. Takarda goma ce. Jaka talatin ta tafi. Wanda ya ƙi 590 ga shi ya sayar a kan 500. Garin neman gira na rasa ido.

Treichville daban take da Adjamé. Unguwa ce tsohuwa da ke kan tsibiri, kudu da Plateau inda dogayen benaye suke, titunanta a miƙe kamar an ja su da zare, kuma da lamba ake kiransu. Tun zamanin Turawa ita ce masaukin baƙin da ke zuwa neman kuɗi a tashar jiragen ruwa. A nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa na 1958 a kan 'yan ci-ranin Nijar, wanda Umaru Ganda ya fito a ciki kafin shi ma ya zama mai shirya fim. Hausawa sun daɗe a kasuwarta suna sayar da duwatsun ado da kayan sassaƙa da na fata, wasu kuma suna tsire da shayi a bakin titi. Kafin su ma, kakanninmu fatake sun kai Salaga da Bonduku da jakuna neman goro. Baffa ya shiga wannan ayari ne a ƙarshen shekarun 1970, ya yi aure a can, 'ya'yansa suna jin Hausa amma Faransanci da Julanci suka fi zama a bakinsu.

Sai bayan sallar isha'i na iya gaya masa abin da ya faru. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Da Hausa ya yi maka magana, ko?" Na ce e. Ya ce, "Harshe ba shi ne amana ba, ɗana. Gobe zan kai ka wurin wanda ya san ni, ya san inda nake kwana, na san inda yake kwana."

Washegari kafin mu fita ya aiki jikansa ya raka ni cin garba, wato aceke, wani abincin rogo mai kama da dambu, da soyayyen kifin teku da yankakken attaruhu. Mutanen garin sun ce sunan ya samo asali ne daga Hausawan Nijar da suka shahara da sayar da shi, waɗanda da yawansu Garba ake kiransu. Na ci na ƙoshi na tambayi kuɗi, mai abincin ya ce dala ɗari. Gabana ya faɗi, na ɗauka Adjamé ce ta biyo ni. Yaron ya fashe da dariya ya ce, "Kawu, sefa 500 ke nan." Ashe a Hausar ƙasashen sefa dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari biyu jaka guda. Julawa ma da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi. Mutum biyu za su yi ciniki da harshe ɗaya, su ambaci kalma ɗaya, kowa da adadin da ke ransa.

Ɗan canjin da Baffa ya kai ni wurinsa dattijo ne, mutumin Maraɗi, yana da ɗan shago da benci da na'urar ƙirga kuɗi, takardar izininsa a rataye a bango. Ranar ba maganar da ake yi a shagon sai sanarwar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fitar a 28 ga Janairu cewa sun fice daga ECOWAS. Kowa na tambaya ko sefa ma za a bari. Alhajin ya saurari labarina har ƙarshe, ya jawo takarda ya ce, "Malam, in ka riƙe lissafi guda ba mai cutarka. Jikka guda yuro ɗaya da rabi ce da ɗan ɗoriya. Duba farashin yuro a ƙasarku yau, ka ƙara rabinsa bisa, ka ɗan ƙara kaɗan, shi ne kuɗin jikka." Muka gwada: in yuro yana naira 1,600, jaka za ta kama wajen naira 2,440. Ya ce wanda ya ba ka kusa da haka ɗan kasuwa ne, wanda ya yi nisa ƙasa yana so ya ci da yawa, wanda ya ba ka abin da ya fi na kowa kyau kuwa ba canji ya fito yi ba.

Ya dubi ragowar dalata ya ware tsofaffin biyu, ya ce zai karɓa amma da ragi, domin shi ma haka za a yi masa. Ya ce da yuro na zo da shi da ba mu tsaya ciniki ba, tunda farashinsa a kafe yake, ɗan kamasho kawai za a cire, ita kuwa dala kullum tana motsi. Ya ƙara da cewa manyan takardu sababbi sun fi ƙanana daraja, kuma in lura kada a cusa mini sefar Kamaru da Cadi, domin ita babban bankinta daban ne a Yawunde, darajarsu ɗaya a kan takarda amma mai shago a Abijan ba zai karɓa ba. Filin jirgi da otal, in ji shi, na wanda ya matsu ne, a canza na kuɗin mota kawai. Ya ce kada in tambayi ɗan canji farashi in tsaya nan, in tambaye shi nawa yake saye, nawa yake sayarwa, nawa ne kuma zai shigo hannuna bayan an cire komai. Sannan ƙirgan ƙarshe nawa ne, kuɗin da ya shigo hannuna ba ya komawa nasa ko da sunan ɗauri.

Saura rabin da na bari a banki. Katina na naira ba ya aiki a waje, domin bankunanmu da yawa sun dakatar da hakan a lokacin. Hanyar da ta rage ita ce in tura naira ta waya zuwa asusun wakilinsa a Kano, shi kuma ya ba ni sefa a nan. A makon nan ne dala ta haura naira 1,400 a kasuwar hukuma. Farfaɗowar da na zauna jira ba ta zo ba, sefa 150,000 ɗin da na raina a bara yanzu ta haura naira 350,000. Na ce ko in ƙara jira kwana biyu. Alhajin ya ce, "Malam, kai matafiyi ne, ba ɗan kasuwar kuɗi ba. Abin da ka san za ka kashe, saye shi ka huta." Na tura. Na miƙe zan je masallaci kafin saƙon ya iso, ya ce in zauna. Canjin kuɗi hannu da hannu shari'a ta ce a yi shi, ba a rabuwa sai kowa ya karɓi nasa. Muka zauna muna shan shayi har wayarsa ta yi ƙara, ya ƙirga, na ƙirga, sannan muka yi musabaha.

Wani canjin kuma da ban yi tsammani ba shi ne na ƙananan kuɗi. A Abijan wanda ya miƙa takardar jaka goma a gbaka ya jawo wa kansa magana. Yaron mota yakan haɗa fasinja biyu da ba su san juna ba ya ba su takarda ɗaya, ya ce su je su raba. Na koyi ɓoye sulalla da takardun 500 kamar zinariya, ɗan Baffa kuma ya riƙa biya mini wasu abubuwan ta Wave ko Orange Money in ba shi a hannu. Na soke zuwa Yamusukuro, na haƙura da shiga filin wasa na Ebimpé. Yawona ya koma jirgin ruwan fasinja da ke tsallaka Ébrié zuwa Plateau, da yini guda a bakin teku a Grand-Bassam, da zaman hira a ƙofar shagon Baffa, wanda a ƙarshe shi ya fi mini komai daɗi.

Maganar bashin sai ana jibi zan tafi ya yarda aka yi ta. Na ajiye littafin a gabansa tare da jaka ɗari da hamsin cif. Na kuma gaya masa abin da ke damuna: a watan Janairu na 1994, 'yan watanni bayan rancen, an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Na tambayi wani malami a Kano ya ce mafi yawan malamai suna ganin adadin da aka ranta shi ake mayarwa, wasu kuma suna ganin a dubi daraja in faɗuwar ta yi tsanani. Na ce, "Baffa, in ɗari uku ce ta kamata, ka faɗa, zan cika daga gida."

Ya daɗe yana shafa rubutun yayansa da yatsa. Ya ce motar goronsu ce ta lalace a hanya a shekarar, huhu da yawa suka ɓaci, Yaya ya rasa kuɗin komawa, shi kuma ya ba shi abin da ya tara na aure. Sefa ce, jakar Abijan. Ya ce, "Jaka na ba shi, jaka zan karɓa. Abin da Turawa suka yi wa kuɗin ba Yaya ya yi ba." Na zaci zai ce ya yafe. Bai ce ba. Ya lashi yatsa ya ƙirga sau biyu, ya sa a aljihu, ya karɓi biro ya ja layi a kan sunansa da hannunsa, ya ce, "Ka gaya wa Hajiya bashi ya fita." Daga baya ya ce mini da ya ƙi karɓa, da mun koma da shakka a zukatanmu har abada.

Daren 11 ga Fabrairu muka kalli wasan ƙarshe a tsakar gidansa, ni kaɗai ne ɗan Nijeriya cikin jikokinsa masu rigunan ruwan lemo. Muka fara ci, suka rama, suka ƙara, aka tashi 2 da 1. Treichville ba ta yi barci ba. Da asuba Baffa ya raka ni tasha da kansa, bai bar ni na tsaya da kowa a Adjamé ba, ya ɗora mini ƙunshin farin goron Anyama a ganye ya ce na Hajiya ne.

Ga duk ɗan'uwan da ke tara kuɗin hutu ko ziyara a ƙasar waje, abin da na sayo da jaka talatin da rabin adashina ga shi kyauta. Ka riƙa sayen kuɗin ƙasar da za ka, ko wanda aka ɗaure shi da shi, kaɗan-kaɗan tun ranar da ka fara tari. Kada kuɗinka ya ratsa hannun 'yan canji biyu in ɗaya zai wadatar. Ka san farashin gaskiya kafin ka buɗe baki, ka ji tsoron araha fiye da tsada, ka nemi mai shago da mai shaida. In kuma aka ce maka jaka ko dala, ka tambaya ta wane gari.

Littafin yana nan a adakar, babu sauran layin da ba a ja ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Baffa lafiya, Ya kai kowane matafiyi gida da guzurinsa da mutuncinsa.